Gwaggo Jummai da Waƙoƙin Niƙan Kirsimeti

A Yakasai, in ka ce kana neman gidan Malam Abdulhakeem ladan, sai an ɗan yi jim kafin a kwatanta maka. Amma ka ce gidan Gwaggo Jummai mai ƙuli, ko baƙon jiya zai nuna maka lungun. Ladanin ɗanta ne na fari, don haka ba ta faɗar sunansa, Malam take ce masa kamar kowa. Shekararta hamsin da biyu a gidan. Ta shigo shi amarya, ta haihu bakwai, huɗu suka tsaya, kuma a ɗakin da take kwana yanzu ta yi takabar mijinta Isyaku. Doguwa ce, baƙa, mai magana ƙasa-ƙasa. Matan unguwa sun shaide ta da cewa ƙulinta ba ya ɗaci, kuma ba wanda ya taɓa jin bakinta a waƙa. Ko a gidan biki, in mata suka ɓarke, ita tafi kawai take yi, shi ma a hankali.

Kowa ya san daga ƙauye aka auro ta. Wane ƙauye, ba a cika tambaya ba, ita ma ba ta cika faɗa ba. Can kudancin Kano aka haife ta, a wani ɗan ƙauyen Hausawa Kirista. Isyaku yana zuwa sarin gyaɗa duk kaka. Ya gan ta tana ɓara a ƙofar gidan ubanta, ya dawo kaka ta biyu, ta uku ya taho da ita. Da son ranta ta biyo shi, da son ranta ta musulunta, kuma tun ranar ba ta yi wasa da salla ba. Uwarta ba ta hana ba. Kuka ta yi, sannan ta sa aka ɗora dutsen niƙanta a cikin kayan auren.

A shekararta ta farko a birni, wata safiya tana niƙa, waƙa ta kuɓuce mata ba ta sani ba. Uwar mijinta ta tsaya a kanta, ba faɗa ba tsawa, ta ce mata wannan waƙar can za ta bar ta inda ta baro. Jummai ta ce to. Daga baya ta ga shekarun da gari ya yamutse, ta ga yadda magana ɗaya take tashi daga bakin wani ta zama taro a ƙofar gidan wani. Sai ta ƙara ɗaure bakinta. Injin niƙa ya zo unguwa, dutsen ya koma ƙarƙashin randa, ya zama mazauninta.

Saura mako shida Kirsimeti wata budurwa ta yi sallama a gidan, sanye da hijabin da ke jan ƙasa, da gani na aro ne. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta ce sunanta Rifkatu, jikar Bulus ce, yayan Gwaggon. Malamar firamare ce, tana zaune a Sabon Gari. Jummai ta ji sunan yayanta a tsakar gidanta da rana tsaka, sai ta waiga. Bahijja, matar Malam, tana bakin famfo tana wanke-wanke, kuma kwanukan sun daina kwaramniya.

Jummai ta ja yarinyar ɗaki, ta saki labule. Rifkatu ta yi mata gaisuwar Asabe, ƙanwar Jummai da ta rasu da damina, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. A ƙauyensu, kwana uku kafin Kirsimeti, mata sukan jera duwatsu a gindin tsamiya su niƙa sabuwar dawa ta tuwon biki. Waƙoƙi tara ake yi, labarin haihuwar ɗan Maryamu tun daga hanya har zuwan makiyaya, ɗaya tana bayarwa sauran suna amshi, kuma kowace waƙa tsawon ƙwarya ɗaya ce ta dawa. Ba a littafin coci suke ba, ba wanda ya taɓa rubuta su. Uwar Jummai ce mai bayarwa, bayanta Asabe. Yanzu inji ake kai wa, matasa kuma waƙoƙin littafi suke yi da molo na lantarki. Da Asabe ta rasu aka zauna a haɗa waƙoƙin, sai aka tarar kowa amshi kawai ya riƙe. Tsofaffi suka ce saura mutum ɗaya, tana birni.

Jummai ta kalli labulen, ta ɗaga murya yadda za ta kai bakin famfo.

"Ni ban san wata waƙa ba, 'yar nan. Wanda ya turo ki ya wahalar da ke."

Ta ƙulla mata ƙuli a leda. Rifkatu ba ta yi musu ba, ta karɓi 'yar wayar Gwaggo ta sa lambarta, ta nuna mata inda za ta danna. Da za ta fita ta taka bakin hijabin ta kusa kifawa. Bahijja ta yi dariya ta ce a gaida mutanen gida.

Bayan azahar Jummai tana zaune a kan sallaya, sai ta ce bari ta taɓa waƙar farko a zuci, ta ga ko tana nan. A tunaninta suna nan su tara, a ajiye kamar zannuwan ƙasan adaka, ba a ɗaurawa amma an san inda suke. Baitin farko ya zo. Na biyu ya zo rabi. Daga nan ba komai. Ta koma farko, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ta gwada ta uku, ta gwada ta makiyaya wadda ta fi so, ko bakin zaren ba ta kama ba.

Bara hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ta tashi da hannun hagu mai nauyi, kuma tun lokacin sunayen mutane sukan ɓace mata su dawo. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ciwon ya shiga har inda ta ɓoye muryar uwarta ba. Shekara hamsin tsoronta kada a ji. Yau ga wani tsoron ya zauna kusa da shi, kada ya zama babu abin da za a ji ɗin.

Kwana biyu tana fama, abinci ba ya wuce mata. Ran na uku tana matsar tunkuza a turmi, jikinta yana gaba yana baya, sai rabin baitin nan ya faɗo bakinta da kansa. Ta tsaya cak, shi ma ya tsaya. Ta ci gaba, ya ɗan ƙara matsowa. Nan ta gane. Ba a zaune ta koyi waƙoƙin ba, a durƙushe ta koye su, da ɗan dutse a hannu. In za su fito, ta dutsen za su fito.

Ta ce wa Bahijja likita ya ce ta riƙa motsa hannun, kuma gaskiya ne ya faɗa. Su biyu suka sauke randar suka jawo dutsen, ƙasansa duk gansakuka. Bahijja tana haki tana cewa ita kam a kai kasuwa, masu tara kayan da za su saya, in ya so a sayo wa Inna ƙwallon roba ta riƙa matsawa kamar sauran masu ciwon. Jummai ta wanke shi da toka, ta jingina shi a rana.

Saura wuri da lokaci. Gidajen Yakasai bango ɗaya suke sha. In Hajiya Aminat ta katangar gabas ta yi tari, Jummai takan ce mata sannu ba tare da ta tashi ba. Ƙarar niƙa kaɗai za ta jawo tambaya, balle waƙa mai sunan Maryamu. Kuma ba kanta kaɗai take ji ba. Ladancin Malam ba gadonsa ba ne, mutanen unguwa ne suka ba shi saboda sun yarda da gidan da ya fito. Ta juya abin ta juya, sai ta tsaya a kan Juma'a. Maza duk suna masallaci, lasifika biyu suna huɗuba ta gabas da ta yamma, ko guɗa ka yi ba mai ji. Bahijja kuma za ta suna Jakara da yaran tun hantsi. Ta auna a ranta, daga hawan liman zuwa sallama ta san tana niƙe ƙwarya biyu. Waƙa biyu ke nan. Ta danna lambar Rifkatu a wayar.

Rifkatu ta zo da wani hijabin, wannan kuma ya yi mata kaɗan. Suka shimfiɗa buhu a ƙuryar ɗaki, suka ɗora dutsen, aka ajiye waya a kan faifai tana ɗaukar murya. Da liman ya fara, Jummai ta ɗaga ido sama ta yi istigfari sau uku. Ta ce wa Ubangiji a ranta ya san ba komawa take yi ba, ajiya ce za ta mayar wa masu ita. Ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta zuba dawa.

Dutsen ya fara kukansa, gurr, gurr. Muryarta ta fito siririya, a shaƙe, kamar ta wata.

"Maryamu ta iso gari da almuru,
ƙafa ta kumbura, zani ya yi nauyi."

Ta tsaya tana jira. Rifkatu tana kallonta. Ashe yarinyar a gari ta tashi, ko amshin ba ta iya ba. Kuma ba amshi ba waƙa, domin a cikinsa mai bayarwa take jan numfashi ta jawo dutse baya, baiti na gaba ya same ta a hanya.

"Ke da aka aiko neman waƙa, ko 'a ba ta wuri' ba ki iya ba? Me kuke koya wa 'ya'yan mutane a makarantar?"

"Lissafi, Gwaggo."

"Ya yi miki amfani yau."

Sai da ta koya mata sau biyar. Rifkatu ta ce a ba ta dutsen ta taimaka, ta tura sau uku dawar ta watse har ƙarƙashin gado, Jummai ta karɓe abinta ta ce wannan hannun biro ne. Suka sake daga farko. Wannan karon amshin ya zauna. A ba ta wuri, 'yan uwa, a ba ta wuri. Baitocin suka fara zuwa ɗaya na bin ɗaya. Maryamu ta je gidan maƙeri, ya ce ƙarfe ya cika ɗaki. Ta je gidan mai unguwa, ya ce baƙin gwamna sun sauka. Ta je gidan mai koko, ta ce ita ma a rumfa take kwana. Jummai ta ji ƙamshin sabon gari, ta ji muryarta tana buɗewa, hannun hagun yana ja da baya amma yana bi.

Abin da ba ta saka a awonta ba shi ne, da hannun 'yar shekara ashirin ta auna. Hannun 'yar saba'in da biyu, ɗaya ma rabi, ko ƙwarya ɗaya bai cinye ba.

Rifkatu ce ta fara ji. Ta daina amshi, ta kama zanin Gwaggo, ta nuna sama da ido. Lasifikar gabas ta yi shiru. Ta yamma ma ta yi shiru. An idar. Babu abin da ke tashi a unguwar sai kukan dutse da muryar tsohuwa. Can bakin lungu kuma ga ƙarar takalma, maza suna dawowa, ana Juma'a lafiya, ana ya iyali.

Jummai ta kasa kunne. Ta dubi ƙwaryar, saura kamar tafi uku. A waƙar kuwa Maryamu tana tsaye a ƙofar gida na shida. A ƙauyensu ba a yanke wannan waƙar. Ko ɗanki ne ya faɗi yana kuka, wata ce za ta ɗauke shi, ke sai kin kai ƙarshe, domin wadda ta tsaya a tsakiya ta bar mai ciki a waje ke nan har baɗi. Tana yarinya ta ga uwarta ta ƙarasa ta da haɓo yana ɗiga a kan zani. Ta so ta yi shiru, Allah ya sani ta so. Hannun ne ya ƙi tsayawa.

"Amsa," ta ce wa Rifkatu, ba ta dube ta ba.

Rifkatu ta amsa da murya kamar ta sauro. Takalman suka iso daidai bayan ɗakin, inda 'yar taga take. Wasu suka wuce. Wasu suka rage sauri, ta ji su sarai, ta ji hirar ta yanke. Hawaye yana zuba a kan garin, ta kai Maryamu gida na bakwai, na wata tsohuwa mai awaki, wadda ta ce ɗaki kam babu, amma ga turke, ta share shi da safe. Tafin ƙarshe ya bi dutse. Ta saki hannu.

Malam Abdulhakeem yana tsaye a bakin labule, da darduma a kafaɗa. Ba ta san tun yaushe ba.

Ya gaida baƙuwar, ya tambayi mutanen gida, ya ce ta ɗauko jakarta. Da kansa ya raka ta har titi, yana gaba tana baya, ta tsakiyar mutanen da ke tsaitsaye a lungun, ya tsayar mata da a-daidaita-sahu. Ya dawo ya shige ɗakinsa.

Kwana ukun da suka biyo baya Jummai ba ta san ɗanɗanon komai ba. Hajiya Aminat da kullum take miƙo kwano ta kan katanga ba ta miƙo ba, tarinta ma kamar ta koma yin sa a wani ɗakin. Bahijja tana kawo abinci ta ajiye da ladabin da ya wuce na kullum. Duk sallamar da aka yi a soro sai Jummai ta kasa kunne ta ji mutum nawa ne. In lokacin salla ya gabato kuwa, sai ta bar abin da take yi ta tsaya tsakar gida, tana jira ta ji muryar wa za ta fito daga lasifikar masallacin unguwa. In ta ji ta ɗanta ce, ta sauke numfashi, sannan ta fara jiran ta gaba. Ranar Lahadi da la'asar aka yi jinkirin minti kaɗan, ta riƙe igiyar shanya har ta shata mata tafi. Ashe wuta ce aka ɗauke.

Litinin bayan la'asar Malam ya yi sallama a ƙofarta, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba. Ya daɗe yana kallon dutsen da ta rufe da tsohon zani. Ya ce mutum uku sun tare shi da maganar, ɗaya da dariya, biyu ba da dariya ba. Ta tambaye shi abin da ya ce musu.

"Na ce uwata ce take niƙa, tana waƙar uwarta. Wanda yake da ƙarin tambaya ya zo ya same ni, kada ya same ki."

Ta ce ita ba ta bar salla ba, ko sau ɗaya. Ya ce ya sani, ba sai ta faɗa masa ba. Ta ce tana tsoron ko ta yi saɓo. Ya ce shi ladan ne ba alƙali ba, amma akwai maganar da ba zai so ta fito daga bakinta ba. Ta ce ita ma ta san wurin, yana cikin waƙa ta huɗu, kuma ba ta da niyyar faɗa.

"Guda nawa ne, Inna?"

"Tara. In suna nan."

Ya ce a gidan nan dai ba za a sake ba, bangon ba nasu ne su kaɗai ba. Ta ce to, kamar yadda ta taɓa cewa shekara hamsin da ɗaya baya. Ya miƙe, har ya kai labule, sai ya ce ranar Asabar ba shi da makaranta da safe, ta gaya wa yarinyar ta share wuri.

Asabar huɗu suka yi suna zuwa Sabon Gari. Shi yake ciccibar dutsen a buhu ya sa a a-daidaita, a gaban duk wanda ke zaune a bakin lungu. Jummai takan ja mayafi har goshi, ba ta ɗagowa sai sun fita ƙofar gari. A can ba ya shiga. Yakan zauna a benci wajen wani mai gyaran rediyo, yana jan carbi, har a gama. Rifkatu ta samo mata biyu 'yan ƙauyen da ke aikatau a gari, su suke amshi, ɗaya kuma takan karɓi niƙan in hannun ya gaji, Jummai ta ɗora tafinta a kan nata don kada waƙar ta tsaya. Da suka zo wurin nan a ta huɗu, inda ake kiran jaririn da sunan da Musulmi ba ya faɗa, ta rufe bakinta, dutsen ya yi tafiya biyu shi kaɗai, matan suka cike da nasu bakin.

Waƙoƙi shida suka fito cif. Ta bakwai ta zo da kai ba ƙafa. Ta takwas da ta makiyaya, wadda ta fi so, sun niƙe ƙwarya huɗu suna nema, ko baiti ɗaya bai zo ba. Ta zauna a kan buhun tana kallon hannunta. Matan suka yi ta ba ta baki, suna cewa shida ma ai ba su zaci za su samu ba.

Rifkatu ta ɗauko littafin da take kwafe su a ciki, ta ce za a buga a raba a coci kafin ranar, mata sun ce bana za su fito da duwatsu ko uku ne. Ta ce saura abu ɗaya, za a rubuta sunan wadda aka karɓa daga bakinta, da unguwarsu.

Jummai ta leƙa ta ƙofa. Ana hango hular Malam daga nan, ya sunkuya yana sauraron mai rediyo. Ta ce kada a sa sunanta, kada a sa Yakasai, kada ma a ce birni. Rifkatu ta ce to wa za a sa, ai ba a barin wurin fili.

Ba ta taɓa kiran sunan uwarta da bakinta ba, ko tana yarinya. Ta goge garin da ke hannunta a zani, ta matso kusa da littafin, ta rage murya.

"Rubuta Talatu, matar Ɗanbaba mai tsamiya. Ki rubuta shi da kyau."